Labule Mai Rufe Kansa

"Sake wucewa in gani," in ji Auta.

Mai shagon ya soke hannayensa cikin aljihu don ta tabbatar babu wayo a lamarin, sannan ya kutsa ta tsakiyar labulen ragar da ke rataye a bakin shagonsa. Labulen ya rabu biyu ya ba shi hanya. Yana wucewa, ɓangarorin suka nemi juna suka haɗe tun daga sama har ƙasa, ƙas-ƙas-ƙas, da ƙara mai kaifi.

"Kin gani ko, 'yar'uwa? Ba hannu, ba sakata. Mayen ƙarfe ne a jere cikin ɗinkin tsakiyar nan. Sauro sai dai ya tsaya a waje ya yi ta sallama, ba mai amsa masa."

Auta ba ta yi dariya ba. Ta kama gefen labulen ta juya shi, ta bi ɗinkin da farcenta. Tela ce, kuma tela ba ta sayen abin da aka ɗinka sai ta ga bayansa. Zaren mai kyau ne, ragar mai kauri, idanunta ƙanana. Amma ƙarar nan ta tsaya mata a rai.

"Babu wanda ba ya wannan ƙarar?"

"Ƙarar ai ita ce shaidar ƙarfinsa."

"Ina da tsoho a gida. Cokali in ya faɗi sai ya zabura."

Tsohon da take nufi mahaifinta ne. A makon jiya aka sallamo shi daga asibiti bayan zazzaɓin cizon sauro ya kusa tafiya da shi. Ya dawo gida wuyansa kamar na ɗan tsako, wandonsa sai da ta rage masa ƙugu. Likita ya faɗa mata ba tare da kwana-kwana ba, cewa jikin nan ba zai ɗauki wani zazzaɓin ba. Gidan sauro kuwa Baba ba ya kwana a cikinsa. Da zarar ya farka ya ga abu ya kewaye shi sai ya hau yaga yana kiran a buɗe masa. Shekarun baya ƙwaƙwalwarsa ta fara zuba, yau ya san ta, gobe ya tambaye ta 'yar wace ce.

Yayanta kuma ya kira ta jiya. Shi ne babba, shi ke biyan asibiti, saboda haka maganarsa tana da nauyin da tata ba ta da shi. Ya ce zai biyo da yamma in ya tashi daga ofis, ya ga gidan da idonsa. In har ƙudaje da sauro na shawagi yadda ya gani ranar sallama, to zai ɗauke Baba ya kai shi nasa gidan. Auta ta san ɗakin da ake nufi: can saman bene, da na'urar sanyi, da tagar da ba a buɗewa, da ma'aikaciyar jinya da za ta riƙa murɗa mukulli in za ta sauka. Yaya ba mugu ba ne. Amma bai taɓa ganin Baba a bayan rufaffiyar ƙofa ba, yana bugu da tafin hannu yana kuka da hawaye kamar yaron da aka mance a aji. Ita ta gani, shi ya sa ƙofar katakon gidanta ba ta rufuwa sai ya yi barcin dare. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Mai shagon ya shiga ciki ya fito da wasu ƙunshi biyu. Ya warware na farko, mai sheƙi da zanen furanni. Auta ta ja shi da yatsu biyu, idanun ragar suka wage.

"Wannan ai ko fara za ta wuce."

"Araha ba ta ado," ya ce, ya naɗe abinsa ba tare da jin kunya ba.

Na biyun ruwan toka ne, ba shi da wani ado. An naɗe mayen ƙarfen cikin kyalle mai laushi, an sa wani ɗan nauyi a gindinsa don kada iska ta ɗaga shi. Ya rataya shi a kan wancan, ya ce ta gwada da kanta. Ta wuce. Labulen bai yi mata gardama ba ko kaɗan, ya shafi kafaɗunta kawai. Ta juyo ta tarar ya riga ya haɗe, lif, ba ta ji komai ba.

"Mai rawar hannu zai iya buɗe shi?"

"Ko jariri mai rarrafe. Ki kawo awon ƙofarki, ko kuwa da ido za mu yi? Ido ba mudu ba, amma ya san kima."

"Ni ba na aiki da ido."

Ta faɗa masa faɗi da tsawo, daga bakin katako zuwa bakin katako, ta ce ya ba ta wanda ya ɗan fi haka don ya hau kan firam ɗin, kada a bar kafa a gefe. Suka yi ciniki, ya haɗa mata da ƙananan ƙusoshi a leda. A cikin bas ta rungume ƙunshin a ƙirjinta duk tsawon hanya. Rabonta da jin ta yi wani abu daidai tun kafin a kwantar da Baba.

Maƙwabciyarta, wadda kowa ke kira Maman 'Yan Biyu, ita ta zauna da shi. Auta ta same ta a falo tana kore masa ƙuda daga bakin kofi da murfin tukunya.

"Sau biyu ya tashi zai tafi aiki," ta ce. "Na ce masa an yi yajin aiki. Ya ce shi bai san da wannan ba, wa ya kira?"

Baba ya ɗago kai. Direban bas ne a zamaninsa, ya yi shekaru a kan hanya ɗaya har fasinjoji na haihuwa su kawo masa 'ya'yan ya gani. Yanzu sunayen 'ya'yansa sun ɓace masa, amma hanyar tana nan daram. Ya dubi Auta da ƙunshinta.

"Kwandasta, kin makara."

"Na makara, Baba. Cunkoso ne."

"To a kiyaye."

Ta ajiye jaka ta ɗauko sukudireba daga aljihun keken ɗinki. Tsohuwar ƙofar ragar ta girme ta a gidan. Firam ɗin katako ne da ya kumbura da damina, ragar ta yage a wurare da yawa, ta toshe wasu da kwali wasu da ragowar yadi. Sifirin da ke jawo ta ta rufe ya saki tun tuni, in an tura ta sai ta tsaya a wangale tana jiran mai tausayi ya jawo ta. Ga kuka. In an taɓa ta sai ta saki wata doguwar ƙara mai shiga haƙori, ƙiiiii, wadda ke tayar da Baba daga barci a firgice. A watan da ya wuce ta datse masa yatsa, har yanzu farcen baƙi ne. Auta ta tsani ƙofar nan tsana ta gaskiya, kuma da ta zare sukurun ƙarshe sai ta ji kamar ta cire ƙaya daga ƙafa.

Su biyu suka cicciɓe ta suka jingine a bango ta waje.

"Kin hutar da mu," in ji Maman 'Yan Biyu. "Wallahi daga ɗakina nake jin ta. In ta yi kuka nakan ce to, ga Baba can zai tafi aiki, bari in ji muryar Auta."

Suka yi dariya. Maƙwabciyar ta koma gidanta don ɗora girki.

Auta ta goge firam ɗin da tsumma, ta nemo tsakiyarsa da tef, ta yi alama da allin ɗinki. Ta hau kujera ta fara daga sama, tana kafa ƙusa kusa da ƙusa, fiye da yadda mai shagon ya ce. Ta ɗaga tsakiyar kaɗan don bakunan su riƙa faɗo wa juna. Gindin ya sauka daidai, yana shafar siminti ba ya ja. Ta durƙusa ta duba kusurwoyi, ta tura ɗan yatsa ko'ina tana neman kafa, ba ta samu ba. Aiki ya yi kyau, ko maƙiyi ya gani ya san ya yi. Sannan ta fesa magani a ɗakunan, ta fito da Baba waje kan benci har warin ya fita.

"Zo ka gwada, Baba. Tura kawai."

Ya tsaya gaban labulen yana kallonsa da zargi. Ya miƙa hannunsa mai rawa, labulen ya buɗe. Ya shiga. Ya juyo ya fito. Ya sake shiga. Fuskarsa ta washe, irin washewar da ta daɗe ba ta gani ba.

"Wannan ƙofar ta san mutunci," ya ce.

Auta ta juya baya ta share ido da bakin mayafi. Ta haɗa masa shayi mai madara, ya sha rabi ya ture. Ta ba shi magani, ta kai shi ɗakin ciki, ta cire masa takalma ta jera su gefen gado, ta zauna har numfashinsa ya daidaita.

Aiki na jiranta. Rigunan makaranta ne na wata mata da ta riga ta zo sau biyu ta koma, kuma safiyar yau kasuwa ta cinye ta. Keken ɗinkin yana jikin tagar falo saboda haske, mai zama a kansa bayansa ne ke kallon ƙofa. Haka yake tun da ta tare a gidan. Ta zura zare, ta ɗora ƙafa, keken ya kama sambatunsa. Hannun riga, wuya, aljihu, hannun riga. Iska na shigowa ta ragar tana taɓa mata ƙeya. Ba ƙuda ɗaya da ya sauka a kan yadin. Lokaci-lokaci takan waiga, ba don komai ba sai don ta sake kallon aikinta, ta ga labulen a haɗe daga sama har ƙasa, ta koma kan allura da ɗan murmushi. Baba ya samu barci yau, ta ce a ranta, babu abin da zai tashe shi.

Rana ta yi sanyi lokacin da ta ji tsayuwar mota. Ta karkaɗe zare daga jikinta. Yaya ya yi sallama ya tsaya a waje, da rigar ofis da ledar lemu a hannu, yana neman inda ake kamawa.

"Shigo kawai, Yaya. Tura."

Ya shigo, ya juya yana kallon yadda ya rufe. Ya taɓa ƙusoshin, ya duba ƙasa. Ya ɗaga kai ya bi silin da ido, ya dubi bango, ya dubi bayan kujera. Auta ta tsaya da hannu a baya tana jira.

"Ke kika kafa?"

"Ni ce."

"Ya yi." Ya ajiye ledar. Gajiya ce a fuskarsa fiye da faɗa. "Ba so nake in raba ki da shi ba, Auta. Tsoro nake ji. In haka gidan zai zauna, to shi ke nan, ya zauna. Yana ina?"

"Yana ciki, barci yake. Tun azahar bai motsa ba."

Ta wuce gaba da sauri, zuciyarta fara ƙal, ta ɗaga labulen ɗakin. Zanin gado a yamutse, filo da shaidar kai. Ta dubi gefen gado. Takalman ba sa nan. Hularsa da ke rataye a ƙusa ita ma ba ta nan.

Ta leƙa banɗaki. Ta leƙa kicin, har bayan ƙofa, kamar mutum zai ɓuya a can. Ta dawo ta ɗora tafin hannu a kan katifa. Katifar ta yi sanyi.

"Auta?"

"Bai fita ba," ta ce. "Da na ji. Kullum ina ji."

Tana faɗa ta ji abin da ta faɗa. Ta fito falo ta dubi labulen ragar, yana nan a haɗe, lafiya lau. Ta cikin ragar tana hango gefen tsohuwar ƙofar a jingine da bango.

Maman 'Yan Biyu ta fito da ludayi a hannu. Ba ta ji komai ba, ta ce, ita ma ta ɗauka barci yake. Mai kanti na kan kwana ya ce ya ga tsoho ya wuce da hula, amma da daɗewa, rana na da zafi a lokacin. Ya gaishe shi ma, tsohon ya ce sauri yake. Yaya ya buɗe mata mota ta shiga.

"Ina zai nufa?"

"Tasha. Inda bas ke juyawa."

"Ta babban titi?"

Ta gyaɗa kai. Babban titin nan ko mai lafiya sai ya yi addu'a kafin ya tsallaka. Suna tafiya a hankali, ita kanta a waje ta taga, tana duba kowane tsoho, kowace kwata, kowane wurin da mutane suka taru. A wani wuri ta ga cincirindo ta ce ya tsaya, ashe masu kallon faɗan 'yan kasuwa ne. Ta dawo motar. Da Yaya ya zage ta da ta samu abin riƙewa, amma tuƙi kawai yake, hannayensa biyu a kan sitiyari.

Ana gab da magariba suka same shi. Yana zaune a kan tsohuwar taya a rumfar wani mai faci, bakin wata kwata mai ruwa kore, a ƙarshen tashar. Takalmi ɗaya ne a ƙafarsa. Goshinsa ya fashe, jinin ya bushe ya gangaro har gira.

"Naku ne?" in ji mai facin. "Kujerar direba ya hau, bas na tsaye. Mai motar ya zo ya ɗauka ɓarawo ne, ya fizgo shi. Da ya ga tsoho ne shi ma jikinsa ya mutu. Na tambaye shi gida, ya ce sai ya gama zagayen ƙarshe."

Auta ta durƙusa a gabansa. Sai a lokacin ta ga ƙafafunsa. Sauro ne baƙi ƙirin a idon sawunsa da ƙaurinsa, sun zauna sun ƙoshi, ko motsi ba sa yi. Shi ma bai kore su ba, hannayensa na kan gwiwa, idonsa na kan motocin da ke fita. Ta kai tafin hannu ta shafe su, ta ɗago hannun jina-jina. Ta sake shafewa. Ta cire mayafinta ta naɗe masa ƙafafun, tana kuka ba sauti.

"Baba, ni ce."

"Sun ba wani motata," ya ce.

Yaya ya yi wa mai facin godiya, ya sunkuya ya ɗauki mahaifinsu cak, kamar ba mutum ya ɗauka ba. Ya zaunar da shi a kujerar gaba ya ɗaura masa bel. Sannan ya miƙe ya fuskance ta, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Zan kai shi a duba goshin, a ɗauki jininsa. Daga can gida za mu wuce."

"Yaya, zan mayar da tsohuwar. Yau ɗin nan. Zan juya keken ya kalli ƙofa, zan ɗaura ƙararrawa..."

"Ba faɗa zan yi miki ba. Kin yi iya yinki, na gani da idona." Ya dubi titin, inda manyan motoci ke wucewa da fitilu a kunne. "Ya tsallaka wancan shi kaɗai, Auta. Gobe zan aiko a ɗauki kayansa."

Ta bi titin da kallo. Babu abin da za ta ce wanda titin bai riga ya ba da amsarsa ba.

Ƙofar motar ta gefen Baba na buɗe har yanzu. Ya gyara zama, ya dubi gilashin gaba, ya dubi madubi, ya ga hanya a buɗe. Sannan ya waigo ya gan ta tsaye.

"Kwandasta, rufe ƙofa mu tafi."

Ta gyara masa mayafin a ƙafa. Ta tura ƙofar a hankali har ta kama. Ta bugi jikin motar sau biyu da tafin hannu, yadda yake so, motar ta ja.

Da ƙafa ta koma. Maman 'Yan Biyu na tsaye a bakin gidanta, ta ga fuskar Auta, ba ta tambaya ba. Sauro sun fito, suna ta kewaya fitilar waje, wasu sun jeru a jikin ragar suna neman hanya. Auta ta kutsa ta shige. Ta tsaya a tsakiyar falo tana saurare, ba ta ji lokacin da ya rufe ba.

Ta kunna wuta. Ledar lemun Yaya na inda ya ajiye ta, rigar makaranta na maƙale a ƙarƙashin allura. A kan ɗan teburin kusa da kujerar Baba ga kofinsa nan, rabin shayi mai madara, a buɗe tun azahar. Ko ƙuda ɗaya bai faɗa ciki ba.